Yaronka na son zane: zayyanar gida za a fara ɗora shi a kai, ko salon Turawa, ko na waya?

Iyaye da yawa a nan Kano idan suka ga yaro ya addabi bangon tsakar gida da gawayi, ko ya cinye bayan littafin lissafinsa da zanen mota da jirgi, abu biyu suke yi, ko dai a yi masa faɗa a ƙwace fensirin, ko kuma a siyo masa kwalin kala a ce je ka can ka ƙarata. Kaɗan ne suke zama su yi tunanin wai shin wane irin zane ma ya kamata a fara nuna masa, alhali abun ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ka fara ɗora yaro a kai shi ne zai sa ko ya ɗore ko ya watsar kafin ya gama firamare. Hanyoyin da suke gabanmu a garin nan uku ne, akwai namu na gida irin su dagi da zayyana da rini, akwai na Turawa da ake samu a littafin makaranta, sai kuma na waya, katun da su anime, wato katun ɗin Jafan, da yara suke kwaikwayo a YouTube da TikTok.

Bari in faɗi inda na karkata tun yanzu kar in ja ku da nisa. Yaro ɗan ƙasa da shekara 9 na gida za a fara masa, a riƙa ɗan sirka masa da wasu salon Turawa masu sauƙi, zanen fensir mai kama da hoto a jinkirta shi, waya kuma ita ce ta ƙarshe. Amma fa kowace tana da inda ta fi da inda ta gaza, kuma akwai yaran da wannan tsarin nawa bai dace da su ba, zan zo kansu.

Na gida dai ba sai an je nesa ba. Ka ɗauki yaro ka shiga cikin birni da shi, ku duba fuskar tsofaffin gidaje da zaurukan da suka rage, waɗanda aka yi wa shafe aka fitar da zane a jiki, ga zankwaye a sama, ga dagi a saman ƙofa. Ku shiga Gidan Makama, wanda asalinsa tun ƙarni na 15 ne zamanin Muhammadu Rumfa, ko Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, bangon kawai ya isa darasin wata guda. A cikin gida ma akwai, babbar rigar Baba mai aska takwas ko aska biyu, hular zanna bukar, faifan da ake rufe tuwo da shi, ƙwaryar fura mai zane, lallen da ake yi wa Yaya ranar biki. Duk waɗannan salo ne daban-daban kuma yaro yana ganinsu kullum, sai dai ba wanda ya taɓa ce masa tsaya ka duba yadda layin nan ya bi ta ƙarƙashin wancan ya fito.

Abun da ya sa na fi son a fara da su, kusan duka an gina su ne a kan abubuwan da hannun ƙaramin yaro zai iya, layi, da'ira, kusurwa uku, murabba'i, da maimaitawa. Ɗauki dagi misali. Idan ka ce wa ɗan shekara 6 ya zana dagin Arewa haka kawai zai rikice, amma ka ɗiga masa ɗigo-ɗigo a jere a takarda, ka nuna masa yadda layi zai kewaye ɗigon, sau ɗaya ya bi ta sama sau ɗaya ya bi ta ƙasa, wallahi kafin la'asar za ka ga ya fara ƙirƙiro nasa. Ko ka ninke takarda biyu ya zana rabi ya buɗe ya cike ɗaya rabin, toh ka ga ya koyi daidaita hagu da dama ba tare da an kira masa sunan wani darasi ba. Kuma babban abun shi ne a wannan salon ba a cewa "bai yi kama ba", dan ba kamar wani abu ake nema ba, in layi ya ɗan karkace sai a mayar da shi wani ado, yaro ba ya karaya.

Sai zayyana, wadda ni a wajena ita ce sarauniyar wannan ɓangaren. Allon sauka da ake yi wa ado da ja da rawaya da kore da baƙi, gida-gida kusurwa-kusurwa, da kuma adon da ake sawa a rubutaccen Alƙur'ani wajen hizifi da sumuni. Kano ta yi suna a wannan, marigayi Sharu Bala Gabari rubutunsa ya zaga ƙasar Hausa har ya tsallaka, kuma duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan Alƙur'anin ya san yadda baƙi yake da kaurinsa, wasali da ja, hamza ɗigon rawaya. Yaron da yake zuwa allo ko Islamiyya ya riga ya san tawada da alƙalamin gamba, hannunsa ya saba, dan haka in ka ba shi rula da kamfas ka ce ya raba allo gida takwas ya cike da kala, ba baƙon abu ka kawo masa ba. Daga nan kuma ƙofa a buɗe take zuwa rubutun Larabci na ado irin su kufi da sulusi, da zanen taurarin nan na masallatai da fadoji irin na Alhamra a Sifaniya, wanda duk da rula da kamfas ake fitar da shi. Wani mai zane ɗan Holan, Escher, sau biyu yana zuwa Alhamra, 1922 da 1936, yana kwafar zanen bangon, kuma daga nan salon da ya yi suna da shi ya samo tushe.

Rini kuwa shi ne wanda yara suka fi murna da shi. Marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take, ka kai su su ga yadda ake tsoma farin yadi a ruwan baba da toka, a ɗago shi yana kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu. A gida sai a yanko tsohon farin ƙyalle su ƙulle shi da zare ko roba yadda suke so a tsoma. Sai dai dan Allah kalar rini ta kasuwa da ake haɗawa da soda mai cin hannu babba ne zai haɗa ya tsoma da safar hannu, ƙananan kuma ruwan zoɓo ko kurkum ya ishe su, zai koɗe in an wanke amma ba komai, ƙullin ake so su gane. Haka ma lalle, 'yan mata su yi ta gwada fulawarsu a takarda ko da lallen gargajiya, amma baƙin dayis ɗin nan a nisanta shi da fatar yara, yana ƙona wasu har ya bar tabo.

Toh ina na gida ya gaza? Wuri biyu, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko masu sana'ar nan ba malaman aji ba ne, su da kallo suka koya shekara da shekaru a gindin iyayensu ko iyayen gidansu, in ka kai wa mai ɗinkin hannu ɗanka ka ce ya koya masa Asabar da Lahadi kawai, zai karɓa dan kunya amma yawanci aike zai riƙa yi masa. Ga shi babu wasu littattafan yara da aka tsara abun daki-daki, dole kai uba ko ke uwa ku zama malaman. Mace ma ta fi samun sauƙi a lalle da ɗinkin hula tunda a cikin gida ake yinsu, amma kai ta karofi ko rumfar dukawa ba kowane gida ne zai yarda ba. Na biyu, wanda ya fi damuna, salon gida ba ya koya wa yaro kallon abu ya zana shi. Zai iya cika maka takarda da dagi mai kyau, amma ka ajiye masa buta a gabansa ka ce zana, sai ka ga ya kasa gane ina haske ya faɗo ina inuwa take. In aka bar shi a nan kaɗai zai zama gwanin kwafa ne kawai.

Nan ne na Turawa yake shigowa, kuma shi ma kashi biyu ne da mutane suke haɗe su wuri ɗaya. Akwai zanen fensir mai kama da hoto sak, wanda shi ne idan an ce "yaron nan ya iya zane" ake nufi. Kowa ya tuna yaron nan na Legas, Kareem Waris, da ya zana shugaban Faransa Macron a 2018 yana ɗan shekara 11, tun daga lokacin iyaye da yawa shi suke so ɗansu ya zama. Salon yana da amfani sosai gaskiya, shi ne yake koyar da auna tsawo da faɗi da ido, da yadda abu na nesa yake ƙanƙancewa, da sarrafa inuwa da fensir mai taushi irin 2B da 6B. Matsalar lokaci ce. Wani masanin koyar da zane, Viktor Lowenfeld, tun a 1947 ya bayyana matakan da zanen yara yake bi, daga kwarafniyar 'yan shekara 2 zuwa 4, zuwa lokacin da yaro yake da nasa tsarin na zana mutum da gida, sai wajen shekara 9 zuwa 12 ne yake fara damuwa da ko abun ya yi kama da na gaske. Kuma a daidai nan ne yara da yawa suke ajiye fensir su ce "ni ban iya ba". Toh ka ga in ka ɗauko ɗan shekara 6 ka ce sai ya fitar da fuska da inuwarta, kamar ka ba jariri ƙashi ne tun haƙori bai fito ba, kai ka jawo masa karayar tun lokacinta bai yi ba.

Kashi na biyu su ne masu zanen da suka yi wa wancan tsarin tawaye, kuma abun mamaki su suka fi dacewa da yara. Monet da abokansa da suka yi baje kolinsu na farko a Faris a 1874, su haske suke bi ba layi ba, Monet sai ya zana abu ɗaya, tarin ciyawa ko ginin coci, sau da yawa a lokuta daban-daban na yini dan ya nuna yadda kala take canjawa. Wannan darasi ne da za ka yi a ƙofar gida kyauta, yaro ya zana bishiyar darbejiyar layinku da safe, ya sake da rana tsaka, ya sake dab da magariba, in hunturu ya shigo hazo ya rufe gari ya sake, ko Dutsen Dala in kuna hango shi, sai ya gane da kansa ashe ganye ba kullum yake kore iri ɗaya ba. Van Gogh kuma da zanen darensa mai taurari na 1889, burushi yana murɗawa kamar guguwa, yara suna son shi dan ba a ce su yi a hankali ba. Seurat ɗigo-ɗigo yake jerawa har hoto ya fito, a ba yaro auduga mai tsinke ya yi ta ɗigawa, ya sa shuɗi kusa da rawaya ya ja baya ya ga kore. Matisse da tsufa da ciwo suka kama shi almakashi ya koma, yana yanka takardu masu kala ana liƙawa, wanda ɗan shekara 4 ma zai yi. Mondrian kuwa baƙaƙen layuka ne da gidajen ja da shuɗi da rawaya, yaron da ya taɓa yin allon zayyana in ya gani dariya zai yi ya ce ai wannan na fi shi iyawa.

Picasso na bar shi baya da gangan. Salon da shi da Braque suka fara wajen 1907 zuwa 1908, wanda littafin makaranta yake kira kubizim, wato a farfasa abu a nuna shi ta gaba da ta gefe a lokaci ɗaya, yana da daɗin koyarwa amma sai yaro ya kai kamar 10, in ba haka ba zai ɗauka kawai hauka ake yi. Kuma in za a koya, a faɗa masa cewa sassaƙen fuskoki na Afirka da Picasso ya gani a Faris suna cikin abun da ya juya masa tunani. Ba dan alfahari ba, dan yaro ya san hanyar ba ɗaya ba ce daga can zuwa nan. A Zariya ma a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiya a kwalejin da daga baya ta zama ABU, suna cewa ba za su yi ta kwafar Turawa kawai ba, za su ɗauki dabarar su haɗa da zanen garuruwansu. Abun da nake cewa a yi wa yara ke nan, sai dai a fara daga gida.

Yanzu maganar da kowa yake jira, zanen mai rai. Ba zan yi kamar babu ita ba, dan a Kano ita ce take sa gidaje da yawa su hana zane gaba ɗaya. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu yin sura suna nan a Bukhari da Muslim, kuma a ciki akwai inda Ibn Abbas ya ce wa wani mai wannan sana'ar in dai dole sai ya yi toh ya zana bishiya da abun da ba shi da rai. Malamai sun yi saɓani a kan zanen da yake shafe a takarda, a mazhabar Malikiyya abun da aka haramta shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wasu malaman kuma sun haɗa duka sun hana, sannan an yi sauƙi a 'yar tsanar yara saboda hadisin Nana A'isha. Kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Abun da nake so a lura shi ne ko da gidanku na masu tsanantawa ne, na gida kusan duka ya tsira, zayyana, dagi, rini, rubutu, babu mai rai a ciki. A na Turawa ma yawancin aikin Monet da rabin na Van Gogh gonaki ne da furanni da sama, na Mondrian layuka ne da gidajen kala, kuma ana koyon inuwa da haske da buta da tulu da mangwaro ba sai da fuska ba. Inda abun yake cijewa shi ne zanen fuska da fensir da kuma katun, su kam babu yadda za ka kauce.

Na waya ba zan daɗe a kansa ba. Yara suna sonsa, manhajoji irin ibisPaint kyauta ne, ba a ɓata takarda, in an yi kuskure a danna a goge, kuma can gaba akwai abinci a ciki tunda masu fosta da katin biki da dizayin ɗinkin kwamfuta duk a allo suke aiki. Amma saurin gogewar nan shi ne illarsa, hannu ba ya koyon tsayawa, ga cin data, ga shi ka ba shi dan zane ka dawo ka tarar yana kallon wani abu daban. Anime kuma salo ɗaya ne tak na Jafan, manyan idanu da siririn haɓa, yaron da ya fara da shi sai ka ga shekara uku fuska ɗaya yake maimaitawa. Ni sai ya shiga sakandare, kuma ya riga ya saba da takarda.

Ta fannin aljihu ma na gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Allo da tawada da alƙalami a Kurmi ba wani abu ba ne, bayan tsohuwar kalanda da kwalin taliya takarda ne, gawayi da jar ƙasa da bula da alli duk kala ne in an dama da ɗan ƙaro. Na Turawa in kirayon ne da kalar ruwa ta 'yan makaranta da ake samu a Sabon Gari da sauƙi, amma da zarar an ce fentin tub da burushi mai kyau da takarda mai kauri toh kayan waje ne, dala na tashi suna tashi, kar ka fara siyansu sai ka ga yaro ya nace da gaske. Waya ita ce mafi tsada ko da manhajar kyauta ce.

Su waye tsarin nawa bai dace da su ba? Yaron da ya kai 11 ko 12 kuma shi da kansa yake ta fama da fensir yana son abu ya fito sak, kar ka ce sai ya koma dagi tukunna, za ka kashe masa gwiwa, ba shi abun da yake nema a nemo masa wanda zai nuna masa awo da inuwa, zayyanar ta biyo baya. Haka wanda yake da niyyar ɗaukar zane a WAEC ko ya karanta shi a ABU Zariya ko Kano Poly, dole ya iya kallon abu ya zana, dan jarabawar za ta ajiye masa kaya a tebur ne ta ce bismillah. Yaro mai ƙiriniya da ba ya iya zama, shi kuma zayyana za ta gundure shi, a ba shi rini da yanka takarda da fenti da yatsa. Mai natsuwa da son lissafi, rula da kamfas, za ka sha mamaki. In kuma yaran da yawa ne a gida shekaru daban-daban, rini da yankan Matisse ne kaɗai za su haɗa ɗan 4 da 'yar 13 a tabarma ɗaya ba a yi faɗa ba.

Masu cewa zane ba ya kai mutum ko'ina, ga Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayan naira 20, ga zanen Ben Enwonwu da aka sayar sama da fam miliyan 1 a Landan a 2018. Amma kar mu yaudari kanmu, irin waɗannan ɗaiɗaiku ne, kuɗin da yake a Kano yana wajen mai lalle, mai zanen aikin riga da hula, mai adon silin da fentin gida, mai dizayin a shagon firintin, kuma in ka duba yawancinsu ido a kan tsari da maimaitawa suke ci da shi, wato dai abun da na gida yake fara koyarwa.

In za ka sa shi a lesin ko ka duba abun da ake yi musu a darasin CCA, wato na al'adu da fasahar ƙirƙira, a makaranta, kar ka tsaya a kan zanen malamin da ya liƙa a bango, ka ce a nuna maka na yaran. In ka ga ajin gaba ɗaya mangwaro ɗaya suka zana, girma ɗaya, ganye ɗaya a gefen dama, toh shi ya zana a allo suka kwafa, ko kuma haddar ma'anar kala suke yi dan jarabawa. Ka tambaye shi ko yana barinsu su haɗa kala da kansu, ko ya taɓa ajiye musu abu na gaske a gaba, ko ya san yadda ake ɗaura dagi. In biyu daga ciki ya ce a'a, gara ka riƙe kuɗinka ka siyo rula da kamfas da kwalin kala ku zauna ranar Asabar ku yi a gida.